Ranar da Na Turke Motar Jamus

Ba zan taɓa mantawa da motar nan ba, kuma ko na so, mutanen Gure ba za su bar ni ba.

Lokacin ni dillalin dawaki ne, mai taƙamar ba a taɓa cutata a ciniki ba. Sai ga wani Anasara ya ɓullo ta hanyar Damagaram da ƴar mota ƙirar Jamus, mai kujera biyu, ba rufi. Yashi ya gajiyar da shi, ya ce sayarwa zai yi. Surukina Malam Kyari, falken gishirin manda, ya ƙyalla ido, ya aiko in zo in duba masa (ban taɓa ko shafa mota ba, amma wa zai ce wa surukinsa bai sani ba?).

Na zagaya ta, komai nata bai kwanta mini ba. Ina rufin? Ina sauran kujerun? Motar kumandan mai mulkin garinmu ai tana da su. Na raɗa masa, "Baba, a yi hattara. Mai abin kirki ba ya kawo shi Gure ya sayar."

Ya ce, "To, kai ne masani."

Babban zargina shi ne ba ta jin kowa sai mai ita. Na san dokin da ake sayarwa da safe, la'asar ya koma gidan ubangidansa. Kuma a ƙa'idarmu, dabbar da ake cinikinta turke ta ake yi. Surukina da dattawan unguwa suna cikin rumfar ƙofar gida ana ba baƙo ruwa, na zame na samo igiyar rijiya, na ɗaure ƙarfen bayanta da ginshiƙin rumfar, na rufe igiyar da yashi. Na dawo na zauna ina jin kaina.

Sai surukina ya ce, "A tashe ta mu ga tafiyarta."

Na tuna da igiyata. Yaya zan ce na ɗauki baƙo ɓarawo? Na lallashi kaina cewa in ta ji igiya za ta tsaya, kamar kowace dabba.

Baƙo ya hau ya ja ta, ba ta tsaya ba. Ginshiƙi ya bi ta, rumfa ta zauna kan surukina da dattawan unguwa (ni da ke gefe ko kara bai taɓa ni ba). Ya rarrafo ya fito, ba rawani, ya tafi ya duƙa kan igiyar.

Ya ce, "Na san wannan ƙulli. Da shi aka ɗaure ragon sunan jikana."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ciniki ya watse.

Na dai koyi cewa mai zargin mutane ya fara duba inda ya ɗaura tasa igiyar. Surukina ma ya koyi nasa darasin. Har ya rasu, in na zo gaishe shi, sai ya ce a fitar masa da tabarma fili.