Littafin Auta Yana Hannun Manya

Yau tun hantsi na rufe shagon ɗinkina, na bar wandon ango rabi a kan keke, na tafi ofishin masu kula da ilimi neman littafin rubutu ƙwaya ɗaya mai shuɗin bango. Benci na ɗumama musu har la'asar. Bari in faro muku daga tushe.

A farkon zangon nan ne babban shugabanmu mai buɗe sababbin ayyuka, Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya sanar cewa biro da takarda sun zama kayan tarihi. Daga yanzu kowane ɗalibi a kwamfutar hannu zai riƙa rubuta darasi. Aka raba, aka yi hoto, muka tafa. Ajin 'yata Auta su sittin da biyu ne, soket ɗaya ne a bango, wutar kuma sai ta ga dama take leƙowa. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ce in daina mita, ai bin layi ake koya wa yara tun yanzu, don kada gidan mai ya ba su wuya in sun girma.

Auta jarabawar gama sakandare ce a gabanta, ga ta da taurin kan uwarta. In na'urar ta mutu ana tsakiyar darasi, sai ta zaro littafi daga ƙarƙashin tebur ta ci gaba. Ranar da Yallaɓai Sufeton makarantu ya kawo ziyarar ba-zata, ya kama ta dumu-dumu da biro a hannu. Ya ƙwace littafin, ya ɗaga shi sama, ya ce irinta ne ke mayar da ƙasa baya. Ta sha durƙuso a gaban aji.

Makon jiya aka tattara na'urorin wai za a sabunta su. Sun kuwa sabuntu, masha Allah. Sun dawo fes kamar ranar da aka ƙera su, babu ko harafi ɗaya na darasin wata uku. Jarabawa saura kwana tara. Auta ta zauna kan tulin ƙyallaye a shagona tana hawaye ba sauti, kuma wallahi ban taɓa jin na gaza a matsayin uba ba irin ranar.

Abin da ya kai ni ofis ke nan. Akawun farko ya ce in shigar da kokena ta intanet. Na biyu ya ce shafin ma sabunta shi ake yi. Can sai masinja, wani dattijo da na taɓa yi wa facin riga, ya ja ni bayan ƙofa.

"Tela, kada ka ɓata yininka. Littafin yana gidan Yallaɓai. Na'urar 'yarsa ma an goge ta, da shi take karatu."

Na tambaye shi ko za a taimaka a ara mana littafinmu na kwana biyu. Ya ce sai dai bayan jarabawa, amma in sani Yallaɓai ya yaba kyan rubutun ƙwarai.

Na dawo na tarar Auta ta kwashe takardun da nake fitar da yanka a kansu, tana rubuta abin da ta iya tunawa a bayansu. Na miƙa mata sabon biro. Wando kuwa, sai dai ango ya yi haƙuri.

Ni dai ba na neman rigima da manya. In 'yar Yallaɓai ta ci jarabawa, a dai tuna gidan da ya kamata a kawo barka.