Yadda Za Ka Rasa Jana'izar Ubanka da Motar Lantarki

Ranar Laraba ce da hantsi, ina murza kuskus, matar Jilani maƙwabcinmu ta shigo ba sallama. Shekara goma sha ɗaya rabon da ta taka gidana, don haka tun kafin ta buɗe baki na ture kwanon. Ta ce, "Salha, sai haƙuri. Ayyad ya faɗi a bakin matoya, rai ya yi halinsa." Mijina ke nan, maginin tukwane a nan Gallala. Ɗanmu ɗaya ne, Nizar, kuma a makon yana cikin tsibirin nan na Jarba, ya zo hutu daga Faransa da matarsa. Tsakaninsa da gawar ubansa tafiyar rabin awa ce. Bai sami jana'iza ba.

Na gaji da ba masu tambaya amsa, shi ya sa na rubuta. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma wannan fannin na ƙware a kansa. Kai mai shirin zuwa hutu garinku, bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari, ko a bayan katangarka ubanka ya cika, sai an rufe shi ba ka nan.

1. Ɗauki motar da ba ta shan mai

Da ka sauka daga jirgi, kada ka kalli motocin da kowa ke haya. Waɗannan kowane lungu akwai inda za su sha mai, ba za su taimake ka ba. Nemi farar nan da ba ta ƙara, wadda ake jona wa waya kamar dutsen guga. Mai haya zai ce maka, "Yallaɓai, tsibirin duka nawa yake? Caji ɗaya ya kai ka mako." Ka yarda da shi. Ai mai kifi bai taɓa cewa kifinsa na jiya ne ba. Kada ka tambayi inda ake cajin. Tambaya ta marasa digiri ce.

2. Kada ka kwana a gidanku

Uwarka ta yi wa ɗakinka farar ƙasa, ta shanya katifa kwana uku. Ka leƙa, ka yaba, sannan ka ce, "Inna, ba don mota ba da mun zauna. Wurin cajinta a otal yake."

Ubanka zai ce, "Wato ita ta zaɓa muku masauki?"

Ka ce, "Baba, ba za ka gane ba."

Zai ce, "Na gane mana. Jakina ma inda harawa take nan yake kwana."

3. In ubanka yana magana, duba wayarka

Ka zo gaisuwa ranar Lahadi. Cire firjin uwarka daga soket, ka zura wayar mota ta taga. Kifin da ta saya dominka zai iya jira.

Ubanka zai ja ka zuwa bayan gidanku, gindin zaitun ɗin da ke kan iyaka, wanda a kansa shi da Jilani suka daina ko gaisawa. Zai ce, "Kai ne ɗana. Ranar da ta zo, kai za ka sauka rami ka karɓe ni. Kowa ya taɓa ni ban damu ba, amma ban da Jilani." Ina tsaye a bakin taga, da kunnena na ji. Kai kuma ka yi dariya, ka ce, "Haba Baba, kai da za ka binne mu duka." Kana faɗa kana kallon waya, don ka ga kashi nawa motar ta sha. Awa uku, kashi biyar cikin ɗari. Kifi kuwa ya yi wari.

4. Ka ce gobe

Wurin cajin otal guda ɗaya ne. Ranar Litinin wani Bajamushe ya jona tasa ya tafi teku. Ranar Talata na'urar ta ƙi karɓar katinka. Ka ɗaga kafaɗa ka ce gobe. Ranar Laraba da safe, da kashi goma sha biyu, ka kwashi matarka zuwa bakin ruwan da ya fi nisa da gidanku, ka ƙure na'urar sanyi. Mutum bai zo hutu don ya yi gumi ba.

5. In an kira ka, ka ce minti talatin

Da wayar Ayyad na kira Nizar, tsohuwa mai maɓallai, don a cikinta lambar take. Ya ce, "Inna, ga ni nan. Minti talatin." Muryarsa ta koma ta yaro. Wannan kam gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba.

Liman ya ce jana'iza bayan azahar. Na aika yayana Munsif ya kira min shi bakin ƙofa. Ya ce, "Salha, watan Agusta ne, ga shi an ɗauke wuta, ko fanka babu. Gawa ba ta jiran baƙo."

Na ce, "Ba baƙo ba ne, Malam. Ɗansa ne."

Ya ce, "La'asar. Ba zan ƙara ko minti ba."

Lissafa da kanka. Daga hantsi zuwa la'asar awa shida ne. Ni da ciwon gwiwata, da sanda, da na iso.

6. Ka tsaya wa motar

Wannan shi ne babban mataki, a nan ragwaye ke faɗuwa su iso da wuri. Kada ka nufo gida kai tsaye. Kashi shida ya rage, yana iya kai ka kusa da gari, har ka ƙarasa da ƙafa. Buɗe taswirar waya, za ta nuna maka wurin caji a wancan gefen, ka bi ta. Za ka same shi an rufa masa buhu, kyanwa na barci a kai.

Juyo. Motar za ta mutu a gaban wani gidan kofi, shiru, ko tari ba za ta yi ba. Roƙi mai kofi ya ba ka soket. Zai ba ka, ya haɗa da ta'aziyya. Bayan minti ashirin su ma a ɗauke musu wuta.

Kira mai haya. Zai ce, "Kada ka bar ta a titi, yallaɓai. Ga ni nan tafe da motar ja, yanzu-yanzu." Ka zauna ka jira shi. Shekara ashirin a Faransa sun mantar da kai abin da mutumin Jarba ke nufi da yanzu-yanzu.

Mai kankana zai tsaya da a-kori-kurarsa. Zai ce, "Ɗan'uwa, an ce ubanka ne ya rasu? Hau baya, Gallala na nufa."

Ka ce, "Na gode, ana zuwa. Minti goma."

Zai ce, "Ita motar ma za a yi mata salla ne?"

Matarka ma za ta ce ka tafi, ita ta tsare. Ka ce ba za ka bar mace ita kaɗai a titi ba, kuma sunanka ne a takarda. Dalilanka duka masu kyau ne. Dalili mai kyau ya fi sarƙa ɗaure mutum.

7. Ka ruga da gudu bayan an kira salla

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, Munsif ne ya ba ni labari. Da aka ajiye makara a bakin rami, liman ya ce, "Ina ɗansa?" Kowa ya dubi hanya. Munsif hannunsa ɗaya ya shanye tun bara. Sauran samari suna can otal-otal suna ɗaukar wa baƙi tire. Sai Jilani, mai shekara saba'in da uku, ya cire takalmansa ya sauka. Da aka miƙa masa gawar, na kusa sun ji ya ce, "Ayyad, ka yi haƙuri. Ni aka samu."

Kai kuma ka iso ana kakkaɓe hannu, a bayan babur ɗin wani da ba ka sani ba, wanda tun safe irinsa ɗari suka wuce ka. Silifa ɗaya a ƙafa, awarwaron robar otal a wuyan hannu. Ka durƙusa ka cusa hannuwanka biyu cikin ƙasar har gwiwar hannu. Jilani ne zai kawo maka ruwa ka wanke.

In ka kai nan, ka gama. Motar ja ta iso washegari.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan bin matakan nan, ba ruwan Salha. Kada ka zo mini da rashin barci, kada ka turo min kuɗin gyaran kabari, kada ka tambaye ni sau ɗari ko na yafe. Na ce na yafe, kuma ba ni aka yi wa laifin ba. Wanda aka yi wa yana inda ba a kai masa bayani. Mai motar ya karɓi abarsa, na ji an ce wani ɗan hutu ya ɗauke ta a makon. Zaitun ɗin nan kuwa Jilani ke kaɗewa yanzu, ya aiko min da rabi.

Nizar yana kira duk Juma'a, a lambar ubansa, don na hana a rufe layin. Batirin wayar yakan kwana huɗu bai motsa ba. Duk da haka kullum da safe, kafin in ɗora shayi, nakan ɗauko ta daga aljihun rigar aikin Ayyad in sa ta a caji.