Akuyar Da Ta Cinye Baƙin Waken Suya

Ko sunayen jikokina sun ɓace mini, ranar waken suyar nan ba za ta ɓace ba. Lokacin fari ne, soja na mulki, gero ya yi wuyar gani. Ni kuwa duk unguwarmu ta Harobanda a Yamai ba wadda ta kai ni iya girki (ni na faɗa, kuma ba a musa ba). Shi ya sa Madam Rahila, ma'aikaciyar jinya 'yar garinmu Dutsi, ta ɗauke ni dama wa yara kunu a asibitin unguwa. Ladana tiyar gero, da ita nake riƙe gidana.

Wata rana ta kawo waken suya iri uku, fari da ja da baƙi, kowanne a ƙullinsa. Ta ce wani komandan soja zai zo ya ɗanɗana kunun kowanne. Ta fara bayani, na katse ta.

"Ke Rahila, ni za ki koya wa wake? Na fara surfe ba a yi bikin uwarki ba!"

"To, Inna," ta ce, ta wuce.

Na kwance ƙullin baƙin, na ce kai, an raina mu, ruɓaɓɓe aka aiko mana. A gidanmu ko ƙwaya ɗaya baƙa aka gani a faifai, tsince ta ake yi. Na juye shi tas gaban akuyar mai gadin asibitin, har ina yabon kaina.

Komanda ya iso, mata sun cika tsakar gida. Na sha ɗaurin kallabi, na tsaya gaba-gaba don a gan ni.

Rahila ta ce, "Mon komanda, waken nan ba ɗaya ba ne. Akwai sinadarin da ke kare jiki daga lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Farin na da kaɗan, jan ya fi shi, baƙin ya fi su duka, a ɓawonsa yake. Inna, kawo na baƙin."

Na ga tiyar gerona ta yi fiffike. Na ɗaga yatsa a hankali, na nuna akuya, tana kwance tana tuƙa, ko kunya babu.

Komanda ya daɗe yana kallon akuyar, sannan ya ce, "To, a duk Yamai ga wadda ba za ta yi tsatsa ba."

Mata suka kwashe da dariya, har da masu goyo. Rahila ta roƙa aka bar mini tiyata, amma aka karɓe ludayi aka ba ni wankin tukwane. Ni!

Tun daga ranar, in yarinya mai farar riga ta fara magana, ina bari ta gama tukuna, sannan in musa. Akuyar kuwa sai da ta ga bayan mulkin soja, gashinta na ta sheƙi.