Ranar da Lasifikar Asibiti Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara ma'aikatan asibitinmu don su ga gwanintata ba. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani asibiti mai zaman kansa a Kankiya, wanda ke da ƙaramin reshe a Kusada. Kowane waje da babbar kwamfutarsa, wadda muke kira saba, a cikinta ake ajiye bayanan marasa lafiya. Ta Kankiya ita ce kuma ke kiran mutane ta lasifika su shiga ganin likita.

Wata safiya labari ya karaɗe masu irin aikinmu: an gano ɓaraka a wata ƙaramar manhaja da sabobi ke amfani da ita wajen rubuta duk abin da ya gudana a cikinsu. Aikinta rubutu kawai. Ashe in ka turo mata wani layi na musamman, ko da a gurbin rubuta suna ne, sai ta tafi inda ka aike ta, ta ɗauko umarninka ta aiwatar. Wato wani yana zaune a wata ƙasa zai iya kwashe sakamakon gwajin jinin mutanenmu kaf, ko ya goge shi.

Ban tsorata ba (a lokacin ina jin ba ni da na biyu daga nan har Katsina). Daga kwamfutata nake shiga sabobin biyu, kowacce da baƙar tagarta ta rubuta umarni a fuskar kwamfutar, kamarsu ɗaya. Na sauke sabuwar manhajar, na cire ɓangaren da ke zuwa aiken, na sake kunnawa. Na yi wa ɗaya, na yi wa ɗayar. Sai na wuce ofishin Dakta, mai asibitin.

"Yallaɓai, na toshe. Amma a tara mutane, ni da kaina zan kai wa sabar hari a gabansu."

Harin da na shirya mai sauƙi ne: in ƙofar a buɗe take, saba za ta ɗauko wani sauti daga kwamfutata ta yi ta maimaita shi a lasifika. Na zaɓi sautin farko da hannuna ya kai, ban ma saurara ba. Don me? Ai ba fita zai yi ba.

Aka taru bayan azahar. Na gyara hula, na yi jawabi mai tsawo a kan masu kutse, na rubuta layin, na danna. Na harɗe hannu ina murmushi.

Sai lasifikar zauren jira ta yi kaki. Muryata ce.

"Zulai... a'a, ba haka ba. Zulaihatu, hasken idona, tun ranar da na gan ki a bikin nan na garin Sukuntuni abinci ya daina shiga cikina..."

(Ana jin ƙarar cokali a kwano sarai. Taliya nake ci ranar da na ɗauka.)

Gwajin kalaman da zan yi wa yarinyar da nake nema ne, na naɗa don in ji yadda muryata ke fita. Daga nan ma waƙa na soma rerawa, da wata murya kamar ta ɗan akuya. Na yi ta danne-danne, na manta yadda ake tsayarwa. Sautin ya ƙare, ya sake ɗaukowa daga "Zulai... a'a". Sai da Hajiya, shugabar nas-nas, ta ruga ta fizge wayar lasifikar, tana dariya har da hawaye.

Dakta kam bai yi dariya ba. Ya ce, "Wato ƙofar a buɗe take?"

Na duba. Sabar Kusada na gyara, sannan na koma na sake gyara ta. Ta Kankiya ko taɓa ta ban yi ba. Nan take na cire ta daga intanet, na toshe ɓarakar, na bi bayanan da ta rubuta ina neman sawun baƙo. Alhamdulillahi, ban ga na kowa ba sai nawa. Duk da haka na canza kalmomin sirri gaba ɗaya.

Na fito ina sanɗa ta bayan zaure, sai na ji an ce, "Kai, zo nan." Alhaji ne, mahaifin Zulai, ya zo daga Mawashi awon hawan jini. Na durƙusa, ƙasa kawai nake kallo.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Kai ne ba ka cin abinci?"

Na ƙara sunkuyar da kai, shi kuwa ya ci gaba:

"To ka turo magabatanka. Magana ta hita ta lasihika, mi ya rage kuma?"

Yau Zulai tana ɗakina, kuma duk ranar da na ƙara tuwo sai ta kalle ni ta ce, "Hasken idona, a hankali." Abin da na koya shi ne, in ka yi gyara, ka rufe ƙofa ka gwada kai kaɗai kafin ka tara jama'a. In kuma dole sai ka sa sauti, don Allah ka nemi carar zakara.