Kishi da Kyanwar Ɗana

Abubuwa da yawa sun fita kaina, amma ba zan taɓa mantawa da Larabar da surukaina suka same ni durƙushe gaban madubi ba, kai ba kallabi, ina lallashin kaina da muryar ɗana. Bari in faro daga farko, kada ku ce taɓuwa gare ni.

Ɗana na fari yana aiki a kamfanin siminti na Malbaza. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san mu da ɗan fari. Tun da na haife shi bakina bai kama sunan nan ba, "na Malbaza" nake cewa. Kakarsa ce ta yi goyonsa. Gaisuwarmu ba ta wuce "Ina kwana, Inna", "Lahiya lau", kowa ya kama gabansa. Haka na taso na ga ana yi, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba, sai da kyanwa ta shigo gidana.

Ya tsince ta tana ƙarama a bayan kamfani, launinta toka-toka, ya sa mata suna Siminti. Da ta tsufa sai ta kama shan ruwa kamar raƙumi tana ramewa, likitan dabbobi ya ce ciwon sukari ne. (Ni dai ban taɓa jin kyanwa da ciwon manya ba.) Da aka tura shi horon aiki Yamai, sai ya kawo min ita Konni cikin kwali, da allurarta, da wata 'yar na'ura mai kama da salula. Ya buɗe firigona ya ture robar zoɓona, ya ajiye maganin Hajiya Siminti a wurin.

Ya zauna a tabarma ya koya min awon. A ɗumama gero cikin wani ɗan ƙyalle, a ɗora mata a kunne har jini ya taru. A tsikari gefen kunnen da 'yar allura, a ɗiga jinin a bakin wani ɗan tsinke da ke jikin na'urar, lamba ta fito. Lambar ba ta ba ni tsoro ba, na yi makarantar yaƙi da jahilci, ni ce ma ta ɗaya a lissafi. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne muryarsa. Yana shafa mata kai yana cewa, "Sannu, sannu 'yar lele. Yi haƙuri, yanzu a gama. Kin yi ƙoƙari." Sannan ya ba ta ɗan busasshen kifi.

Ni da na yi naƙudarsa, ban san yana da irin muryar nan ba.

Yana isa Yamai sai kira ya fara, safe da marece.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau."

"Nawa ta nuna? Ta ci abinci? Ta sha ruwa da yawa? Kin duba idonta? Ɗan kawo salular kusa da ita."

Sai in kara wa kyanwa waya a kunne, ina tsaye kamar mai gadin ofis. Ita kuwa ko kallon wayar ba ta yi, tana miƙe a kan gadona tana lasar ƙafa.

Ban taɓa zaluntarta ba, Allah shi ne shaida, allurarta ba ta taɓa wuce lokaci ba. Amma na fara yi mata kallon da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Wata rana na ɗan yi tari a waya, na ja shi da tsawo. Ya ce, "Inna, ko ƙura ce? A rufe mata taga." Mata!

Babbar matsalata ita ce lafiya gare ni kamar jakin kasuwa. Ko ciwon kai ba ya zama a jikina. Sai na ce a raina, wa ya sani, wataƙila ni ma ina da ɗan sukarin nan ban sani ba. Ba mai yawa nake roƙo ba, daidai wanda zai sa a ce "nawa ta nuna" a kaina. (Ku dubi inda shaiɗan ya kai ni: mace da jikoki tana fatan ciwo.)

Ran Laraba da hantsi na haɗa shayi, na zuba sukari har cokali yana kusan tsayawa, na shanye. Na ɗauko kayan Siminti. A iya sanina jinin kunne kawai na'urar nan take karantawa, don a kunne na ga an yi. Na ɗumama gero, na tuɓe kallabi, na cire ɗan kunne, na durƙusa gaban madubin kabad na manna ƙyallen kyanwa a kunnena. Na tsikara, jini ya ƙi fita. Na sake, da zafi kuwa. Ban san lokacin da bakina ya kama ba:

"Sannu, sannu 'yar lele. Yi haƙuri, yanzu a gama. Kin yi ƙoƙari."

Har da kwaikwayon kaurin muryarsa.

A cikin madubin na gan su. Hajiya Ramatu, uwar yarinyar da ɗana zai aura, da ƙanwarta Hadiza, malamar asibiti. Daga Illela suka zo cin kasuwa, suka biyo gaisuwa. Sun ce sun yi sallama har sun gaji. Yaya zan ji, da buhun gero a kunne?

Hajiya Ramatu mace ce mai kawaici, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Hadiza kuwa ba ta san wannan ba.

"Subhanallahi! Hajiya, mi kike yi haka? Sabuwar huda za a yi saboda biki?"

"Sukari nike aunawa," na ce, da wata 'yar murya.

"A kunne? Wa ya koya miki?"

Dukanmu muka juya muka kalli kyanwa, ita ma tana kallonmu, tana jiran kifinta.

Hadiza ta zauna daɓas a bakin gado tana dariya har da riƙe ciki. "To wace ce 'yar lelen? Ke ko ita?"

Na laluba kallabi, na ɗaura shi a karkace. Daidai nan salula ta yi ƙara. Da yake ji nake kamar in nutse, sai na danna, ga shi kullum a buɗe nake barin muryar saboda Siminti ta ji.

"Inna, ɗazu ban same ki ba. Nawa ta nuna?"

"Ta wa?" in ji Hadiza. "Ta kyanwa ko ta innarka? Ga ta nan mun iske ta tana huda kunnenta tana ba kanta haƙuri."

Ta cikin wayar har ƙarar motocin Yamai ina ji.

"Inna..." ya ce a hankali. "Ba ki da lahiya ne? Tun yaushe? Don mi ba ki gaya min ba?"

Ga muryar nan, wadda nake nema, ta zo min a gaban surukai, ina zaune da kunne ja wur. Hawaye suka cika min ido, ban san na kunya ba ne ko na daɗi.

Hadiza ta sa na wanke hannu, ta canza allura, ta tsikari ɗan yatsana (ashe nan ake yi wa mutane). Ta duba lambar, ta dubi kofin shayina, ta ce, "Ban da shayin da kika sha, ba abin da ke damunki. Kin fi ni lahiya." Ban taɓa jin albishir mai ɗaci irin wannan ba. Hajiya Ramatu ta dafa gwiwata, ta yi ƙasa da murya: "Ni ma ɗiyata ta fari, akuyarta ta fi ni jin daɗin bakinta." A nan muka zama ƙawaye.

Bai taɓa tayar min da zancen ba, ni ma haka. Amma tun daga ranar, in ya kira sai ya ce, "Inna, kin ci abinci? Kin yi barci?" Ni kuma, saboda ɗan fari ne, sai in ce, "Lahiya lau. Ga kyanwarka," in miƙa mata waya da sauri, ina murmushi inda ba ya gani.

Abin da na koya, in kana son a tambayi lafiyarka, bakinka za ka buɗe, ka bar kunnenka ya huta. Har yau in na je Illela, yaran gidan su Hadiza "Inna 'yar lele" suke ce min. Kuma na lura, gaisuwar Siminti har yanzu ta ɗan fi tawa tsawo. Na dai bar ta. Ita ce marar lafiya.