Rasuwar Shahba, Mai Kiran Raƙuma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta ƙi zama wuri ɗaya, ni Zuwaina 'yar Halfan, da aka fi sani da Ummu Hilal, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta na Bidiya da na cikin rairayi, da duk wanda ya taɓa ɗaga mana hannu a hanya, rasuwar motata a-kori-kura, Shahba. Ta rasu ranar Juma'a bayan la'asar, a filin tseren motoci can wajen Maskat babban birni, tana da shekara ashirin da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a gabana ta cika ba. Labarin ya iske ni ranar Asabar da hantsi, ina soya 'ya'yan gahawa. Moza matar maƙwabcinmu Ubaid ta shigo da rabin sallama, waya a hannunta.

"Ummu Hilal, ina Shahba?"

"Hilal ya kai ta birni a yi mata juyen mai."

"To sauke kaskon nan ki zauna. Ɗanki dai lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu, wannan na fara gaya miki. Sauran ki gani da idonki."

Na gani. Hanya ce doguwa miƙaƙƙiya, baƙa wuluk, motoci biyu a jere, tsakaninsu wani ƙarfe mai fitilu. Ta dama ban san ta ba. Ta hagu kuwa na gane ta tun daga lotsawar ƙofa, inda amale ya taɓa harbin ta. An sauke mata tankin ruwa, an cire marfin baya, an sa mata wasu tayoyi masu faɗi marasa zane. Kamar an fitar da dattijuwa kasuwa babu mayafi. Hilal ya ja birkin hannu, ya taka kuloci, ya danna totur har ƙasa. Tana son tafiya, yana riƙe da ita. Jikinta ya ɗauki rawa, bayanta ya durƙusa, hayaƙi baƙi ya miƙe sama kamar an cinna wa taya wuta. Kukanta ya yi ta hawa har ya zama wata murya da ban san ta da ita ba. Fitila ta yi ruwan ɗorawa, ta yi kore. Sai ƙara. Marfin inji ya tashi sama, baƙin mai ya malale a ƙasa. Ta dama ta tafi abinta. Shahba ta matsa kamu ɗaya, ko kamu da rabi, ta tsaya.

Na ce wa Moza ta sake kunnawa. Sau huɗu na kalla. Gahawa ta ƙone.

Marigayi mijina Suhail ne ya sayo ta, a shekarar da taguwarmu Gazala ta zo duniya, don haka sa'o'in juna ne. Da idonsa ya fara rauni ya koya mini tuƙi a bayan gari, yana zaune a gefe yana faɗa, ni da ita muna haƙuri da shi. Tun daga lokacin ba mu rabu ba. Ta ɗauki ruwa, ta ɗauki sha'ir da busasshen kifi da dabinon dabbobi. Ta ɗauki kayan amare uku. Ita ta kai Suhail asibiti tafiyarsa ta ƙarshe, kuma ranar ba ta yi gargada ko sau ɗaya ba, alhali hanyar duk ramuka ce.

Marigayiyar ba ta da gaggawa. Ba ta taɓa wuce wata mota a kan kwalta ba sai wadda ta lalace. Amma a rage mata iskar taya a sa ta cikin rairayi, babu tudun da za ta kalla ta ja da baya. Ba ta da tsirfar abinci, kowane man dizal aka ba ta sai ta sha. Da sanyin safiya takan yi tari biyu, kir-kir, kir-kir, sannan ta kama: dugu-dugu-dugu-dugu, a hankali, kamar ana daka a gidan maƙwabta.

Wannan muryar ita ce babban aikinta. Raƙumana goma sha ɗaya ne, kuma ba na ɗaure su. Suna kiwo inda suka ga dama. Kowace la'asar nakan hau da Shahba kan jan tudun nan na bayan rijiyar Ubaid, in bar ta tana dugu-dugu, in zauna. Kafin in gama kofin gahawa biyu sai in hango Gazala a gaba, saura na bin ta a jere. Su sha ruwa, su ci sha'ir, in duba ƙafafunsu, in ga wadda cikinta ya tsufa. Motoci nawa ne ke ratsa rairayin nan a yini? Babu wadda suke ɗaga wa kai. Ko ni da na raine su, in na je a ƙasa ina kira, sai sun ga dama. Muryar Shahba kaɗai suke amsawa.

Ciwon ajalinta ya faro ne shekara biyu da suka wuce. Hilal, mutum mai shekara talatin da huɗu da 'ya'ya uku, ya zo hutu ya ce yana jin tausayinta wajen hawan tudu.

"Umma, numfashi ne ya yi mata kaɗan. Akwai abin da ake sa musu."

"Ta kawo maka ƙara ne?"

"Kwana biyu kawai za ki ba ni ita."

Ya dawo da ita da wani ƙarfe a cikinta mai kama da dodon koɗi, wai turbo, yana cusa mata iska. Muryarta ta sauya. Dugu-dugu yana nan, amma an ƙara masa wani fito siriri a sama, fiii, kamar butar shayi ta tafasa. Raƙuma suka tsaya daga nesa suna kallo. Sati uku ina bin su da dabino a tafin hannu kafin Gazala ta yarda cewa Shahba ce. Na ce wa Hilal kada ya ƙara taɓa ta. Ya ce to. Bayan wata shida ya sauya salansa. Bayan haka ya kai ta wajen wani bakanike ya buɗe mata hanyar mai.

A nan dole in faɗi gaskiya, tunda ba a ƙarya a kan mamaci. Na ji daɗin abin. Tudun da muke hawa da giya ɗaya muna addu'a, sai ga mu muna haye shi da giya uku. Ranar Babbar Salla, maza na zaune ana cin nama, Ubaid ya yi fakin da sabuwar motarsa kusa da ita, ya ce, "Ummu Hilal, yaushe za ki yi wa tsohuwar nan ritaya? Ko kaji su samu su yi ƙwai a ciki."

Na kira shi da alkunyarsa na ce, "Abu Rashid, tsohuwar nan ko a Maskat babu wadda za ta riga ta. Taka kuwa sai dai ta ci ƙurarta."

Aka yi dariya. Hilal bai yi ba. Na ga ya daina tauna, yana kallon motar. Ni na haife shi, ya kamata in gane kallon nan. Saboda haka duk wanda ya zo gaisuwa kada ya zage shi shi kaɗai. Shi ya taka totur, amma bakina ne ya kunna ta.

Ranar Lahadi ya kawo gawar a bayan babbar mota. Ya sumbaci kaina, ya zauna nesa kaɗan, inda sandata ba za ta kai ba.

"Juyen man ya yi kyau?" na ce.

"Umma, ki yafe mini."

"An juye shi kaf, na gani. Har ƙasa ta samu rabonta."

"Wallahi Umma, da ta tashi, babu wanda zai kamo ta. Injin ne kawai bai jure ba."

"Haka mahaifinka ma. Da zuciyarsa ta jure, da yana nan."

Ya ce zai saya mini sabuwa, mai sanyi a ciki. Na tambaye shi ko sabuwar ta san Gazala. Sai a lokacin ya tuna da raƙuman.

Yau kwana tara ke nan raƙumana ba su zo ba. Na ari motar Ubaid na hau tudu, na zauna har rana ta faɗi, babu ko ɗaya. Muka bi sawunsu muka hango su, suna jin baƙuwar murya suka juya suka ƙara nisa. Mun sake gwadawa da motar wani, haka. Yanzu duk wanda ya matsa musu sai su ƙara yin yamma, kuma yamma nan ne kwaltar da manyan motocin mai suke bi ba sa taka birki. Ƙishirwa ba ta dame ni ba tukuna, lokacin sanyi ne. Gazala ce damuwata. Cikinta ya shiga watansa, ga shekaru, kuma haihuwarta biyu da suka wuce sai da na sa hannu na jawo ɗan. In ta durƙusa a inda ba na nan, ban san abin da zan tarar ba. Ba na iya zama. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in rasa inda za ni. Na share tsakar gida har ta fara rami.

Marigayiyar ta rasu ta bar ni. Ta bar taguwoyi goma da amale ɗaya. Ta bar tankin ruwa, da marfin baya, da tayar safaya, da kujerar gefen direba, waɗanda duk aka cire don a rage mata nauyi, Allah ya yi da sauran kwanansu. Ta bar makulli ɗaya ɗaure da zaren ulu. Ta bar Hilal, wanda ya ɗauki hutu daga wurin aiki, yake kwana a ɗakin baƙi yana kallon rufi.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Na san ƙarfe ce, ba za a yi mata salla ba, kuma ba za a kai ta wajen masu yanka motoci ba. Ranar Alhamis bayan azahar za a mayar mata da tankinta da marfinta da tayoyinta na gaskiya, a ja ta da igiya zuwa kan jan tudu, a ajiye ta inda ta saba tsayawa, fuskarta na kallon yamma. Nan ne makwancinta.

A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa naɗar muryarta, sai ranar da ta mutu. A farkon hoton nan na waya, kafin Hilal ya taka totur, akwai ɗan lokaci, bai fi numfashi biyar ba, da take dugu-dugu da fitonta lafiya lau. Hilal ya yanko wurin ya jera shi ya yi ta maimaituwa. Ya aro lasifika wajen mai kiɗan biki, za a ɗora a kan tankin. Akwai muryar wani mutum a ciki yana kiran mai shayi, an rasa yadda za a cire shi. Ban san yadda Gazala za ta ɗauki mutumin nan ba. Na gargaɗi Hilal cewa in ya kuskura ƙarar fashewar ta fito, gara ya bi raƙuman yamma.

Masu zuwa gaisuwa su bar motocinsu a rijiyar Ubaid, su kashe inji, su ƙaraso a ƙasa. Kada a danna oda. Kada a zo da yara masu gudu. Za a zauna a bayan tudu, inda ba za a hango kowa ba, akwai gahawa da dabino. Wanda ya zo da niyyar cewa ai mota ce kawai, ya sha gahawarsa a gida. In raƙuma suka zo, an gama zaman makoki a take. In ba su zo ba, za mu koma Juma'a.

Kafin Alhamis ɗin, kullum la'asar nakan saɓa ɗan buhun sha'ir in hau tudun da ƙafa. In na huta, sai in kewaye bakina da tafin hannu in yi musu dugu-dugu-dugu, tun daga ƙirji, iya ƙarfina. Moza ta ce na fi kama da injin niƙa da ya sha ruwa. Jiya dai na hango wani ɗigo can yamma ya tsaya cak, bai matso ba, bai kuma tafi ba, har duhu ya rufe shi. Ina jin fiton yake jira. Shi ne ba na iyawa, haƙoran gaba sun zube. Ina koyo.