Yadda Za Ka Tsufa a Saipan Kana Baƙon Shekara Ɗaya

Ka sauka Saipan da izinin aiki na shekara ɗaya, kana tsoron kada zama ya kama ka? Kwantar da hankalinka. Ni na baro garinmu Iloilo gashina baƙi wuluk, yau fari fat, kuma har gobe sai an sabunta mini izini duk shekara. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci za ka tsufa a tsibirin nan ba ka taɓa zama ɗan gari ba. Na gwada su a kan aminina Mang Doming, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani otal, kuma sun yi aiki, in ban da wuri ɗaya.

1. Kada ka sayi abin da ba zai shiga kwali ba

Katifa a ƙasa ta ishe ka, da kujerar roba. Doming ya yi shekaru yana zawarcin wani teburin katako a shago. Sai ya shafa shi ya ce mini, "Pare, abokina, in aka sabunta izini bana, zan saya." A sabunta, ya ce, "Bari dai mu ga baɗi." Wannan shi ake kira hangen nesa. Shinkafa ba ta san a kan cinya ake cin ta ba.

2. Kullum ka ce baɗi za ka koma gida

Faɗa a bakin coci, faɗa a wurin gasa kifi ranar Lahadi. In ka je gida hutu ka ɓata a hanyar kasuwar garinku, ka ce su ne suka canja titi.

3. In za ka haihu, haifi wadda ta fi ka takarda

A nan aka haifi Marilou, 'yar Doming, saboda haka ita 'yar ƙasa ce tun tana zanen goyo, ubanta kuwa baƙo. Yanzu shekararta goma sha tara.

"Tatay, ka daure shekara biyu," in ji ta, don haka take kiran babanta. "Ina cika ashirin da ɗaya zan nema maka zaman dindindin."

"Ji yarinya! Jiya nake share miki majina, yau ke ce hukumata?"

Yi dariya kamar yadda ya yi. Kada ka bari ta ga kana lissafi da yatsu.

4. Shuka a bokiti

Nan ne gwaninta take. Mutumin ƙasarmu ba ya iya cin kifi sai da ɗan lemun tsamin nan namu, kalamansi. To, shuka, amma a bokitin fenti, don ranar tafiya ka ɗauki abinka. Doming ya shuka nasa shekarar da aka haifi Marilou, ya ajiye a bayan gidan Tan Rufina, tsohuwa 'yar asalin tsibirin da yake haya a wurinta.

"Doming, ga ƙasa nan har bakin daji," take ce masa. "Dasa abin nan mana, ka huta."

"A'a, Tan. Shi ma baƙo ne, tare za mu tafi."

"Kai da bishiyarka ba ku da kunya. Kai ka ɗauki gawar mijina, kake ce mini kai baƙo ne?"

Kada ka saurari tsofaffi irinta. Suna da daɗin baki, amma ba su ne ke buga hatimi ba.

5. In ranar ta zo, tashi kamar ba komai

Bana otal ɗin ya rufe. Babu ubangida, babu sabuntawa, dole Doming ya bar tsibirin, Marilou kuma ta zauna ta ƙarasa karatu. Kafin rana ta faɗi ya gama haɗa kayansa kaf a kwali biyu. Ka ga amfanin mataki na ɗaya.

Saura bokiti, za a kai gidana in riƙa kula da shi. Muka kama, ni da shi da Marilou. Ko motsi. Muka ƙara nishi, shiru. Da na durƙusa na leƙa, ashe saiwa ta daɗe da fasa gindin bokitin ta nutse cikin ƙasar Tan Rufina, kaurinta ya kai damtsena.

Tsohuwa ta yi ta dariya har da hawaye. "Na daɗe da gani," ta ce. "Na yi shiru ne kada ka kai ƙararsa."

Doming ya zauna daɓas a ƙasa. Tunda nake da shi ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

"Tatay, shekara biyu ce fa," in ji Marilou.

Ya ce, "Ki riƙa ba shi ruwa. In ya yi 'ya'ya kada ki tsinke duka, ki rage mini."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya ji ƙirjinsa na ciwo a filin jirgi, babu ruwana, kada ya neme ni. Cewa na yi ka shuka a bokiti, ban ce na san abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa ba. Nawa bokitin yana nan bayan ɗaki. Ban taɓa gwada ɗaga shi ba, kuma kada wanda ya taɓa mini.